Ruwan da Ban Yi wa Saude Wanka da Shi Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar ƙanwata Saude, kuma shekara tara ke nan ina riƙe da wata ƙarya a kanta. Duk shekara idan watan ya kama nakan soya waina in raba, in sa a yi mata saukar Alƙur'ani, in zauna karɓar gaisuwar 'yan uwa. Bana na ce bari in ƙara da rubutu, tunda an ba ni fili a wannan shafi. Ƙaryar kuwa ga ta. Nafisa, 'yar Saude ɗaya tilo, wadda ni na ƙarasa renonta, ta tashi da sanin cewa da ruwan da uwarta ta tace da hannunta aka yi mata wankan gawa. Ni na gaya mata haka. Ba haka aka yi ba, kuma ni ce na yi wankan.

Mu 'yan unguwar Koki ne a birnin Kano, a gidan gado muka tashi, a cikinsa kuma muka sake haɗuwa bayan mazajenmu sun riga mu gidan gaskiya. Kakarmu ta wajen uwa abu biyu ta iya, ginin tukwane da wankan gawar mata. Ni na ɗauki wankan, na haɗa da koyarwa a firamare har na yi ritaya. Saude ta ɗauki yumɓun, amma sai da ta bi ta jami'a, ta karanci ilimin sinadarai, ta sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwa. Tun tana ƙarama haka take. A aike ta sayen daddawa, sai a same ta tsugune bakin kwata tana kallon inda ruwa ya nufa, miya tana can tana jira. Ta sha ranƙwashi a hannuna saboda wannan, ko a jikinta.

Abin da ya tsaya mata a rai ba wani babban abu ba ne. Kullum da safe muna tsayar da mai kura a ƙofar gida ya juye mana jarkoki, kafin la'asar ruwan nan ya bi ta rariya ya fita lungu, ya yi baƙi, ya kwanta yana tara sauro, mutane suna tattare riga suna tsallakewa. Ni dai ban taɓa ganin abin tunani a nan ba, tun muna yara haka muka ga ana yi. Ita kuwa sai ta ce, “Yaya, ruwa fa ba ya tsufa. Kaya kawai muke ɗora masa, idan an sauke masa kayan shi ne dai na jiya.” Na ce to madalla, ta je ta sauke masa, ni ina da tsefe kai.

Bayan la'asar takan hau saman soro ta zauna, wani lokaci ta ja ni. Daga can ana hango Dala, ana hango hasumiyoyin masallatai da tantabaru suna kewayawa. Sai ta fara ba ni labarin wata Kano da ita kaɗai take gani. Lunguna a bushe ƙarau, mutum ya fita da farin takalmi ya dawo da abinsa. Kowane gida ruwansa yana zagaye a cikinsa, daga wanki zuwa wanka zuwa gindin shuka. Alayyahu da na'ana'a a saman kowane soro, kududdufai sun washe har ana ganin yashin ƙasansu, yara suna leƙa kifi. Tana faɗa tana nunawa da yatsa, unguwa bayan unguwa, kamar an riga an gama aikin. Nakan ce ta sauko ta tuƙa tuwo. Amma gaskiya, ranar da ba ta kira ni ba nakan nemi dalilin hawa shanya.

Aikin nata da yumɓu ya fara. Tana aikawa ƙauyen kakarmu a kawo mata, ta kwaɓa shi da ɓuntun shinkafa da aka niƙa ya yi laushi, ta gina shi dogo-dogo da rami a tsakiya, kamar guntun rake da aka ƙwaƙule. Idan aka gasa, ɓuntun ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi a jikin yumɓun, waɗanda ido ba ya gani. Ruwa zai iya ratsawa, datti ba zai iya ba. Waɗanda suka fashe a wuta kafin ta gane gwargwadon haɗin, Allah kaɗai ya san yawansu. Bayan ɗakina har yau idan aka tona ƙasa sai an ci karo da tsingaronsu.

Ruwan wanki da na wanke-wanke da na wanka da na alwala ta tare, ta hana shi fita lungu. Ban da na bayan gida, in faɗa tun kafin wani malami ya ɗauko alƙalami. Da farko ruwan yana bi ta duro mai yashi da gawayi, sannan wani ɗan inji ya tura shi ta jikin yumɓun nan, ya riƙa fitowa a hankali kamar gumi. Duro na ƙarshe a saman soro yake, a nan ta jona wata na'ura da ba ta wuce akwatin rediyo ba. Idan an kawo wuta na'urar tana hura wata iska cikin ruwan, mai suna ozon. Saude ta ce iskar tana kashe ƙwayoyin cuta, tana cinye wari da launi, sannan ta baje da kanta ba ta bar komai ba. Ta hana mu kusantar duron idan tana aiki, ta ce ba a shaƙarta. Daga nesa dai ana jin wani ƙamshi, irin na lokacin da hadari ya haɗo ana walƙiya ruwa bai sauko ba. A tsakiyar bazara, rana tana dukan ƙasa, sai gidanmu ya riƙa ƙamshin damina.

Duk mako tana ɗibar ruwan a kwalba ta kai wurin aikinta ta auna. Ba ta taɓa cewa kowa ya sha ba. Wanka ta ce, da wanki, da ban ruwan shuka. Randar shanmu daban take, ba a taɓa haɗa su ba. Amma labari ya riga ya zaga Koki cewa gidan su Saude ruwan kwata suke sha. To ga al'adarmu, baƙo bai gama zama ba an kawo masa ruwa. Sai duk matar da ta shigo gidanmu ta zama mai azumi. Litinin da Alhamis na yi musu uzuri. Da abin ya kai Talata da Asabar, sai na ce kai, ashe unguwar nan waliyyai ne ban sani ba. Wata ƙawata ta ce mini tana ramuwa, alhali ga maiƙon ƙosai a leɓenta. Saude dariya take yi har da riƙe ciki. Ni kuwa abin yana ci mini rai, don ni ce mai shiga gidajen mutane.

Da maganar ta yi yawa sai ta gayyato limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin hali. Abin da muka karanta tun muna makarantar allo shi ne, ruwan tsarki ana duba masa abu uku, launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa. Idan wani abu ya canza ɗaya daga ciki, to ba a alwala da shi. Saude ta kawo masa a kofin gilashi. Ya ɗaga ya duba a rana, ya sansana, ta kurɓa a gabansa ta ce babu ɗanɗanon komai. Ya ajiye kofin. Ya ce shi bai ga abin da zai kafa hujja da shi ya hana ba, amma ita zuciya ba a yi mata dole, wanda ya natsu ya yi, wanda bai natsu ba ya bari. Daga ranar Saude da ruwanta take alwala. Ni na ci gaba da cika butata daga randa, ita kuma ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Ciwo ya kwantar da ita wata bakwai. Wata rana bayan azahar na shimfiɗa mata tabarma a gindin lemon tsamin da ta shuka take ba shi ruwan nan, ina yanke mata farce. Sai ta ce, “Yaya, ke za ki yi mini wanka, ko?” Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, “Da ruwana za ki yi. Idan aka ji an wanke ni da shi an kai ni gaban Ubangijina, ba wanda zai ƙara cewa ƙazanta ne.” Na ce to. Ta ce in ce na yi alkawari. Na ce na yi. Wallahi a lokacin ban ji nauyin komai ba, so nake kawai ta yi shiru ta huta.

Da hantsi ta cika, ranar wata Laraba. Kafin a jima gida ya cika da mata, maza suna zaure suna yankan likkafani, an ce bayan azahar za a yi salla. Ba wanda ya san da alkawarin nan a cikin gidan sai ni, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Ba wata gwaggo da ta hana ni, ba wani malami da ya tsawata. Na ɗauki bokiti na hau soro ni kaɗai. Duron a cike yake, ruwan garau, ina ganin fuskata a ciki. Na sa hannu a kan famfon, hannun ya ƙi murɗawa. Abin da ya zo mini shi ne, wannan wankan ba a maimaita shi. Alwala idan ta ɓaci a sake, wannan kuwa daga shi sai kabari. Na tuna ruwan kanzon da na zubar shekaranjiya, na ce yana cikin nan. Na tsaya har aka fara kirana daga ƙasa. Sai na sauko da bokitina babu komai, na ce a tsayar mini da mai kura.

Mun yi mata wanka yadda aka saba, da ganyen magarya, aka ƙare da kafur. Sai da muka naɗe ta aka ɗauke ta, ina tattara kwanuka, na ga wani abu yana ƙyalli a saman ragowar ruwan da ba mu taɓa ba. Maiƙo ne. Jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da masu kura suke amfani da su, asalinsu na man girki ne, kuma ɗaya daga cikin na ranar sabuwa ce, ba a wanke ta sosai ba. Na ɗebo na sansana, ga warin mai. Wato ni da na guji ruwan da ya cika sharuɗɗan nan uku a gaban liman, na wanke ƙanwata da wanda warinsa ya canza. Na zauna a bakin rariya. Ana can ana yi mata salla.

Nafisa tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, tana makarantar kwana, sai washegari aka kawo ta. Ashe uwarta ta gaya mata maganar wankan tun lokacin hutu. Ba ta yi kuka da yawa ba. Ta same ni a ɗaki ta ce, “Umma, da ruwan Mama aka yi?” Na dubi yarinyar nan da kayan makaranta a jikinta, marainiya ta uwa da uba, na ce da shi aka yi. Ta ce alhamdu lillahi, ta kwantar da kanta a cinyata.

Na'urar ba ta daɗe ba bayan Saude. Yumɓun yana toshewa, ita ta san yadda take mayar da ruwa ta baya ta wanke shi, ni ban taɓa tsayawa na koya ba. Wata uku ruwan ya daina fitowa, na buɗe rariya, ruwan gidanmu ya koma lungu. Matan unguwa suka dawo shan ruwa a gidanmu, azumi ya ƙare.

Nakan zauna yanzu in ce da Saude za ta leƙo, me za ta ce? Kududdufan da take mafarkin su washe, yawancinsu an cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa wurin zuwa ya shigo mana ɗaka. Rijiyar gidanmu da muke ja da guga muna yara ta ƙafe. Masu hali suna haƙa burtsatse, kowa yana ƙara zurfi a kan na maƙwabcinsa. Na san ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Za ta hau soro ta ce a nan za a sa kaza, a can za a sa kaza, har sai na ji haushi na ce ta sauko.

Akwai abin da zai sa ta murna kuma. Nafisa ta bi sawunta, aikin ruwa ta karanta. Watanni kaɗan da suka wuce ta ɗauke ni a adaidaita sahu zuwa wajen Ƙofar Ruwa, wani babban gidan wanki da guga inda take aikin gwaji. Mai wurin ya gaji da sayen ruwan tanka, ya sayo injin tacewa daga waje. Nafisa ta zaro mini ɗaya daga cikin matatan in gani. Fari ne sol, santsi, da ramuka jere a cikinsa, ba irin na Saude mai karkace ba, amma da na ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙarar randa. Shi ma ƙasa ce aka gasa. Ta nuna mini inda ake hura iskar ozon, ta ce ban da kashe ƙwayoyin cuta har tana taimakawa matatar kada ta yi saurin toshewa. Ruwan sabulu yana shiga ta nan da kumfa, yana fita ta can garau, a sake wanki da shi. Na tsaya ina kallon manyan riguna da kaftanai a rataye, an goge an jera. Ranar Juma'a da su za a shiga sahun gaba. Ban da mamaki ba abin da nake yi, don na gane rigar mijin ƙawata mai ramuwar azumi a cikinsu.

A nan ne Nafisa ta tara ma'aikatan wurin ta ce su gaishe ni. Ta ce musu, “Wannan ita ce Ummata. Lokacin da duk unguwa ke gudun ruwan mahaifiyata, ita ta tsaya ta yi mata wankan gawa da shi. Duk ranar da aikin nan ya ba ni wahala, ita nake tunawa.” Suka riƙa durƙusawa suna sa mini albarka, wani har da cewa Hajiya ki yi mana addu'a. Ban san yadda na iso gida ba. Na ɗauka na ba yarinya abin share hawaye ne na kwana biyu, ashe a kansa ta gina rayuwarta.

Na fara zuwa wurin liman, ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai. Na gaya masa maganar maiƙon. Ya ce wanka ya wuce, ba a tone kabari saboda wannan, Allah ya ga niyyata, in nemi gafara in bar waswasi. Na ji sanyi. Sai na gaya masa ta Nafisa. Ya ce wannan kuma ba shi ne zai yafe ba.

Ranar Asabar da ta wuce na kira ta ɗakina bayan ta karya. Na gaya mata komai, tun daga hawa soro har jarkar mai, ban rage ba. Ina magana tana kallon tabarma. Da na gama ta tashi ta sa hijabi ta fita. Kwana uku tana gidan kawunta. Ban aika ba, don ban ga da wace fuska zan aika ba. Na zauna a gidan nan ni kaɗai, na gane cewa tsoron da na ji a saman soro bai kai rabin wannan ba.

A kwanakin nan uku na yi ta auna abin da Saude ta bari. Ba ta bar na'ura mai aiki ba, ba ta bar suna a takarda ba, injin Ƙofar Ruwa ma waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa jin labarinta ba. Lungunmu yana nan da kwatarsa. Abin da ta bari mutum ɗaya ce mai duba ruwan datti ta ga abin da zai iya zama, sai kuma ni, da na yarda da ita bayan ba ta nan. Ina kewarta, kuma ina jin kunyarta, su biyun tare nake kwana da su nake tashi.

Ranar Talata da la'asar Nafisa ta dawo. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta zauna a bakin gado, idanunta sun kumbura. Ta ce ta yi fushi, kuma ba ta gama ba, kada in ɗauka ta gama. Na ce hakkinta ne. Ta ce aikin ba za ta bari ba, ta duba ta ga ba don labarin take yi ba, ko da can. Ta ce in rubuta wannan da hannuna, ta kai wa ma'aikatan nan su karanta, don ita ba za ta iya tsayawa gabansu ta warware ba. Shi ne wannan da kuke karantawa, na ce gara in fitar da shi a wannan shafi kowa ma ya gani.

Can ta ce, “To ke Umma, idan taki ta zo, ni zan yi miki. Da wane ruwa?”

Na buɗe baki zan ce ta yi mini alkawari, sai na fasa. Na ce, “Da naki nake so. Amma idan ranar ta zo kika sa hannu ya ƙi, ki sauko ki tsayar da mai kura. Na yafe miki tun yau. Ki dai sansana jarkar, kuma duk wanda ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya.”

Allah ya jiƙan Saude, ya sanyaya makwancinta, ya sa ta yafe wa yayarta.